Furen Katsina daga hunturu zuwa kaka: wa ke da hoton wane wata?

Sadiya Rafin Daɗi:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sanyi. Wata shawara gare ni kuma dan Allah a tattauna ta da gaske ba a danna laik a wuce ba. Hotunan fulawa da ake turowa guruf ɗin nan kusan duk na waje ne, ko na Jos ko wanda aka kwaso a intanet, alhali mu nan Katsina babu watan da zai kama ya fita ba wani abu ya yi fure ba. Mi zai hana mu haɗa namu? Kowa ya ɗauki abin da ke fure a gidanshi ko unguwarsu ko gonarshi, ya rubuta wata da wuri, mu bi shekara tun daga wannan Janairun har Disamba mu ga abin da za mu tara. Ni na fara da bogenbiliyar kan katangarmu, ga ta nan, da waya na ɗauka.

Nura Batagarawa:
Wa alaikumus salam Anti Sadiya. Hoton ya yi kyau ba ƙarya, amma ni fa ban yarda da maganar kowane wata ba. Garin da ruwan sama bai wuce wata huɗu ba, Yuni zuwa Satumba shi ke nan, a Afrilu zafi ya haura digiri 40, ta ina fure zai fito? In kin cire gidajen GRA masu bohol da mai ban ruwa, sauran gari daga Nuwamba ƙura ce kawai. Kuma tsakani da Allah mutumin da ke sayen jarka wurin 'yan ga-ruwa don ya sha ya yi girki ba zai zuba ma fulawa ba, abin na masu hali ne.

Baba Sani Daura:
Nura ɗana, maganar ruwa gaskiyarka ce, amma ƙasa kawai ka duba ba ka ɗaga kai sama ba. Aikin gandun daji na yi har na yi ritaya, kuma abin da zan gaya maka shi ne manyan itatuwanmu da rani suka fi yin fure ba da damina ba, kuma babu mai zuba masu ko moɗa guda. Yanzu haka da muke cikin hunturu je ka tsaya ƙarƙashin mangwaro ka ga yadda ya cika da fure ƙudan zuma na ta kai da kawo. Gawo tun kaka ya yi nashi, shi da ma al'amarinshi daban ne, da damina yake kaɗe ganye ya tsaya haka nan, sai ruwa ya ɗauke wajen Oktoba ya fiddo sabon ganye ya biyo da fure fari-fari zara-zara, shi ya sa manomi ke barinshi tsakiyar gona, ba ya tare ma gero rana lokacin da gero ke sonta. Gurjiya ma yanzu ne lokacinta, ba ganye ko ɗaya a jikinta sai jan fure, sai dai ta fi yawa ta kudu wajen Malumfashi da Funtuwa, nan wajenmu da wuya ka gan ta. Fabrairu zuwa Maris ɗorawa ta saki nata, ja dunƙulalle yana reto kamar tuntun hula, bedi ya cika gari da ƙamshi musamman da dare, marga ta zubo da nata ruwan ɗorawa reshe-reshe. Afrilu da Mayu, tsakiyar zafin nan da kake faɗi, lokacin ne filamboyan ɗin da ke makarantu da tsofaffin ofisoshi ke yin ja wur, shi asalinshi daga Madagaska aka kawo shi. Ruwa na gab da sauka kuka ta fiddo nata. Tumfafiya kuwa ko a kan juji take ba ta fashin fure duk shekara. Tau wane wata ne babu?

Nura Batagarawa:
Ranka shi daɗe na ji, Allah shi ƙara lafiya. Amma ai waɗannan itatuwa ne Baba, ni na ɗauka fulawar ado ake magana irin ta tukunya.

Sadiya Rafin Daɗi:
Duka biyun Nura. Na tukunya, na katanga, na gona, na bakin hanya, in dai a ƙasar Katsina ya tsiro kuma kai ka ɗauka da hannunka ya shiga. Ni abin da ke damuna ke nan, yaranmu sun san hoton tulif na ƙasar Holan amma ka nuna masu furen kuɓewa ba su san shi ba, kuma kullum suna shan miyarta.

Malama Hadiza K/Marusa:
Na goyi bayan wannan ɗari bisa ɗari, ni malamar bayoloji ce kuma hotunan za su yi mani amfani a aji sosai. Tunda da bogenbiliya aka fara, Anti Sadiya ki matsa kusa da ita gobe ki duba, wannan abin mai launin ruwan hoda da muke ce ma fure ba shi ne furen ba, ganye ne siriri da ya rikiɗe ya ɗauki launi don ya jawo ƙwari, ainihin furen shi ne ɗan ƙaramin farin nan da ke tsakiya, yawanci uku-uku suke fitowa. In za ki iya kama wannan ɗan farin a hoto ya fito tar, tau kin yi babban aiki. Ita kuma daga Kudancin Amurka take, wajen Barazil, amma ta samu wurin zama nan don rana take so da ƙarancin ruwa.

Maman Ilham:
Yawwa an zo wurin, dan Allah masana ku taimaka mani. Tawa bogenbiliyar ta yi girma har ta haura katanga, ganye kore shar ma sha Allah, kullum safe da yamma ana ba ta ruwa ga taki ana zuba mata amma fure ko ɗaya babu, ta maƙwabtanmu kuma da ko kallonta ba su yi ta cika fal har ƙasa tana zubarwa, abin na ba ni mamaki wlh.

Malam Lawal mai fulawa:
Hajiya ai kin faɗi ciwon da bakinki, gata ne ya yi mata yawa. Bogenbiliya in ta ƙoshi da ruwa da taki ganye kawai za ta yi ta yi, sai ta ji ƙishi take fure. Ki ɗauke mata ruwan nan, ki bari ƙasar ta bushe sosai har ki ga ganyen ya fara langaɓewa da rana sannan ki ba ta ta ƙoshi, ki sake barinta. Takin ma ki tsaya da shi yanzu, musamman in yuriya ce ko kashin kaji. Sannan ki duba ko inuwar wani abu na rufe ta, tana son rana ta buge ta yawancin yini. In kin yi haka cikin 'yan makonni in sha Allah za ki turo mana hoto. Kuma kar a yi mata aski yanzu, a bakin sabon reshe take fure, in aka datse an datse furen ke nan, aski sai ta gama.

Hajiya Kulu Daura:
Ni maganar Nura nake so in koma ma, ta cewa abin na masu hali ne. Ɗana ni ba ni da bohol, ruwa saye muke, amma tsakar gidana bai taɓa rabuwa da fure ba. Wurin alwala na sa aka yi ma ɗan rami aka dasa lalle da zogale a bakinshi, ruwan alwalar gidan nan kaf can yake tafiya, ruwan wankin shinkafa da na wanke kayan miya kuma a bokiti nake tarawa in ba na tukwane, wanda bai shiga ba shi ne mai omo ko mai maiƙo. Tukwanen ma ba saye na yi ba, randa ce da ta tsage da tsofaffin tukwanen ƙasa, kuma sun fi robar nan baƙa nesa ba kusa ba don roba da bazara dafa saiwa take. Furen lalle kuwa duk wanda bai taɓa shaƙar ƙamshinshi da magariba ba an bar shi a baya, ƙanana ne ba su cika ido ba amma ƙamshin har zaure. Ga kariya, ita ko sati ta yi ba ruwa ba ruwanta, gindinta ne rumbun ruwanta, yanzu haka tawa ba ganye sai fure ruwan hoda da fari a ciki. Ma'aiki SAW ya ce babu musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci, face ya zama sadaka gare shi, yana cikin Bukhari da Muslim. Ƙudan zuman da ke sauka kan zogalena ina sa rai da ladarsu.

Malama Hadiza K/Marusa:
Allah shi saka Hajiya. Sai dai a kula, kariya guba ce, ruwan jikinta har dafin kibiya ake yi da shi a wasu wurare na Afirka, in akwai ƙananan yara ko awaki a ɗaga tukunyar sama, in an yanke ta a wanke hannu. Haka oliyanda mai dogon siririn ganye da ake jerawa a bakin geti, ita ma ganye da fure duk guba. Tumfafiya da Baba ya ambata kuma masu hoto ku yi hattara da nononta kar ya shiga ido, yana yi ma ido illa sosai.

Nura Batagarawa:
Gaskiya Hajiya maganar ruwan alwala ta shige ni, ban taɓa kawo ta a raina ba. Amma har yanzu ina nan kan cewa Maris da Afrilu na tukunya wahala za su sha.

Malam Lawal mai fulawa:
Suna sha Nura, wannan ba gardama. Mu kanmu a lambu lokacin ne muke asara. Dabarar ita ce a matsar da tukwane inda rana ta safe kawai za ta same su, a rufe bakin ƙasar da busasshen ganye ko ɓawon gyaɗa, ruwa kuma da asuba ko bayan la'asar. Amma a riƙa ɗaga ganyen ana dubawa don gara na son wurin. Kuma a zaɓi masu jurewa, feriwinkil mai fari da ruwan hoda ita ko a tsagin siminti fitowa take, ga kariya ga bogenbiliya. Wanda ya ce sai ros a Katsina da bazara shi ya ja ma kanshi.

Abba Ƙofar Sauri:
Salam. Ni ɗaukar hoto ne sana'ata, biki da suna da sauransu, amma fure nake ɗauka in na samu sarari, bara in faɗi abin da na sani don naga hotunan da aka fara turowa wasu sun yi fari fat wasu sun yi dishi-dishi. Na farko dai a goge idon kyamarar wayar, da hunturun nan ƙura da maiƙon hannu ne ke sa hoto ya yi hazo, gefen riga mai laushi ya isa. Na biyu lokaci, daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 9, sai kuma bayan la'asar, rana tsaka ba ta yi ma fure adalci ko kaɗan, inuwa ta yi baƙi ƙirin launi ya ƙone. Amma ranar da hazo ya rufe gari sosai wannan ranar ko da azahar za ka iya ɗauka don hazon ya tace hasken ya yi laushi, ni hunturu ya fi mani kowane lokaci saboda haka. Na uku kar a yi zum da yatsa, ka taka da ƙafarka ka matsa, in ka matsa har ya ƙi kamawa ka ɗan ja baya kaɗan, sai ka taɓa furen a sikirin ya yi fokos a kanshi, za ka ga ɗan alamar rana ta fito gefe, ja ta ƙasa kaɗan. Wannan ja ƙasan shi ne sirrin jan fure da ruwan hoda, waya na yawan cika masu haske sai su zama dunƙulen launi ba ka ganin jijiyoyin jiki. Filasha kuma a kashe ta kwata-kwata. In bayan furen akwai shanya ko bokiti ko tarkace, a samu baƙin ɗankwali ko hijabi wani ya riƙe daga baya nesa kaɗan, in gefe ɗaya ya yi duhu a kara farar takarda ta maido haske. Iska kuma ita ce babbar matsala yanzu, kwali za ka sa wani ya tare maka ita, ko ka yi haƙuri ka jira ta lafa ka danna da yawa ka zaɓa. Sannan in za a turo ta WhatsApp a turo a matsayin dokumen ko a danna HD, in ba haka ba matse hoton yake ya lalace. Ni kuma kafin in ɗauka ina fesa ma furen ruwa kaɗan ya wanke ƙura ya yi sheƙi.

Baba Sani Daura:
Abba duk na yarda da kai ban da na ƙarshen nan. In ka wanke ƙurar ka sa mashi ɗigon ruwa, wanda zai ga hoton nan gaba zai ce da damina aka ɗauka, alhali Janairu ne. Ita ɗiyata Sadiya shekara take so mu bi wata-wata, tau ƙurar nan ita ce shaidar hunturu, furen da ya fito cikin ƙura ya yi kyau a hakan shi ne abin nunawa. Ni a bar mani shi yadda Allah ya nuna shi ranar.

Abba Ƙofar Sauri:
Baba ranka shi daɗe na fahimta, amma ƙura na kashe launi wallahi, ja sai ya koma ruwan ƙasa, kuma mai kallo ba zai tsaya ba balle ya karanta watan da aka rubuta. Mai zuwa ɗaukar hoto ai wanka yake ya sa kaya masu kyau, ba a ce ya yi ƙarya ba.

Sadiya Rafin Daɗi:
Ni ina bayan Baba a nan Abba, amma ba gaba ɗaya ba. A hure ƙurar da baki ko a kaɗa reshen a hankali ba laifi, fesa ruwa ne ban so, da filtar nan da ke maida ganyen bedi shuɗi. Wanda ya ga lallai sai ya yi editin ya turo biyu, na asali da wanda ya gyara, na asalin shi za mu ajiye.

Abba Ƙofar Sauri:
Shi ke nan Anti, biyu-biyu zan riƙa turowa. Ga wani ma na damina da ta wuce, ba editin ko kaɗan, a wata gonar dawa na ɗauka hanyar Mani cikin Satumba, gonar gaba ɗaya ta yi shunayya-shunayya tsakanin karan dawa, ban taɓa ganin kyau irin wannan a daji ba. Wa ya san sunanshi? Ina so in samu irin in shuka a gida.

Kabiru Ingawa:
Innalillahi. Abba ƙuduji ne fa wannan, wuta-wuta. Kar ka kuskura ka kai shi ko'ina dan girman Allah. Kai kana ganin kyau, mai gonar nan kuwa yana ganin rumbunshi wayam, duk gonar da ka ga ta yi wannan launin dawar ta riga ta tafi. Ni raina har ɓaci yake in ga ana yaba shi, shekara da shekaru muna fama da shi a gero da dawa da masara, Anti Sadiya ni dai kar a sa shi cikin hotunan nan.

Malama Hadiza K/Marusa:
Malam Kabiru ya yi gaskiya kan ɓarnar. Shi ba ya rayuwa da kanshi, saiwarshi ke maƙalewa a saiwar dawa ko gero tun yana ƙarƙashin ƙasa yana tsotse ruwa da abinci, kafin ma ya leƙo waje ya gama cutar da shukar. Ƙwayar irinshi ƙanana ne ƙwarai, tushe ɗaya na zubar da dubbai, kuma suna iya kwanciya cikin ƙasa sama da shekara 10 suna jira, ba su tsirowa sai sun ji ruwan da saiwar hatsi ko ta wasu shuke-shuke ke fitarwa. Shi ya sa ko ka kai gida Abba ba zai yi a tukunya shi kaɗai ba, sai dai ka yaɗa irin a hanya. Amma ni ina ganin a sa shi, da sunanshi da bayanin abin da yake yi, don ga shi Abba ɗan cikin gari bai san shi ba har yana neman iri, irinshi nawa ne?

Kabiru Ingawa:
Malama in za a sa tau a sa da saiwar, a tuge shi tare da tushen dawar a nuna inda ya kama ta, ba a nuna furen kawai yana sheƙi ba. Kuma a rubuta cewa tugewa ake kafin ya zubar da iri a tara a ƙone, ba a jefar a kunya ba. Gonar da ya yi ma yawa a huta da hatsi a sa waken suya ko gyaɗa ko auduga, a ƙara taki don ya fi son gonar da ta gaji, kuma akwai irin masara da dawa masu jure mashi da cibiyar binciken aikin gona ta IAR Samaru ta fitar, a tambayi malaman gona. In haka ne na yarda, ni da kaina zan ɗauko hoton in Allah ya kai mu Satumba.

Abba Ƙofar Sauri:
Allah shi kai mu Malam Kabiru, in ka tashi ka kira ni mu je tare in riƙe maka haske.

Kabiru Ingawa:
Ba damuwa. Kuma in kyau kuke nema a gona ai ga shi nan birjik wanda ba cuta, furen riɗi, furen wake, na kabewa da safe, na auduga ma da zai buɗe fari-fari yau gobe ka tarar ya koma ruwan hoda. Yakuwa kuma sai wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, ita da kuɓewa da rama furensu kusan ɗaya, ruwan ɗorawa mai haske da ja a tsakiya, amma da safe ake samunsu, rana na yi sun rufe, na yini ɗaya ne.

Sadiya Rafin Daɗi:
Ma sha Allah kaka ta samu mai ita ke nan. Farkon damina fa? Yuni da Yuli wa zai riƙe?

Baba Sani Daura:
Ruwan farko na sauka a duba fadama da gindin itatuwa, albasar kwaɗi na fitowa da fure babba fari mai ratsin ja, kwana kaɗan take yi ta wuce, wanda bai yi sauri ba sai baɗi. Kuka kuma sai an yi mata sammako ko a yi mata dare, furen da yamma yake buɗewa, fari babba yana reto a dogon igiya, jemagu ne ke zuwa mashi cikin dare su ne ke haɗa mashi aure, kafin wata yammar ya yi ruwan ƙasa ya faɗo. Mutane da yawa sun tsufa gindin kuka suna shan miyarta ba su taɓa ganin furen a buɗe ba. Duma ma da yamma yake buɗe nashi fari a kan danga. Bagaruwa ta biyo da ƙananan ƙwallaye ruwan ɗorawa. Bado kuma sai tafkuna sun cika, Agusta har kaka, farin nan da dare yake buɗewa ya kai hantsi sannan ya rufe, wanda ke kusa da Ajiwa ko Daberam ko Sabke ya duba gefen da ruwa ya kwanta.

Abba Ƙofar Sauri:
Na kuka da dare kar a haska shi da filasha, fari ne zai ƙone. Wani ya riƙe tocila daga gefe, a rufe bakinta da farin ƙyalle ko leda fara, mai wayar kuma ya jingina hannunshi da wani abu kar ya motsa. Amma mafi sauƙi a je bayan sallar asuba gari na fara wayewa, yana nan a buɗe.

Hajiya Kulu Daura:
Ni dai roƙona kar son hoto ya kai yaro daji shi kaɗai da dare, kowa ya san halin da ake ciki a wasu ƙananan hukumominmu. Kukar cikin gari ta isa, tafkin ma a je da rana tare da mutanen wurin, kar a shiga ruwa. Sannan in fulawar a katangar mutane take a yi sallama a nemi izini, kar a ɗaga waya saitin ƙofar gida iyalin mutum na ciki.

Maman Ilham:
Wannan gaskiya ne Hajiya. Malam Lawal wata tambayar kuma, ros ɗin da ake kawowa daga Jos da gaske ba ta yi a nan? Ƙanwata ta sawo guda biyu da furensu jajir, ko wata ba su rufa ba suka bushe.

Malam Lawal mai fulawa:
Jos tudu ce Hajiya, ta haura mita 1,200, mu nan ko rabin haka ba mu kai ba, sanyin da ta saba da shi babu shi nan sai Disamba da Janairu. Tana yi amma sai da hidima, inuwa da rana tsaka, ƙasa mai taki da ya ruɓe sosai, ruwa ba fashi, kuma duk da haka furen ƙanana yake fitowa, bazara na zuwa yawanci ta tafi. In mutum na so lallai ya saya farkon sanyi ya more ta wata biyu uku. Ni in za ki ji tawa, da damina ki watsa irin ziniya da marigol, asalinsu daga Meziko ne suna son zafi, cikin wata biyu sun yi fure kala-kala kuma ki tara irin da kanki na baɗi. Ga fotulaka mai buɗewa in hantsi ya yi, ita reshe kawai za ki tsinka ki soka a ƙasa ta kama. Kariya ce kawai za ki ɓoye ma ruwan Agusta, a matsar da ita ƙarƙashin rumfa don in ruwa ya kwanta mata gindin ruɓewa yake. Yankan bogenbiliya ma da damina ake dasawa, reshe mai kaurin fensir.

Nura Batagarawa:
Tau ni a ba ni Maris da Afrilu tunda ni na ce babu, zan zagaya Batagarawa da hanyar jami'ar Umaru Musa in ga abin da zan samu, in ban samu ba kuma zan dawo in faɗa.

Sadiya Rafin Daɗi:
An ba ka. Janairu ni da Hajiya Kulu, Malam Kabiru Satumba da Oktoba, Abba kuka da bado, Baba kuma shi zai riƙa duba mana sunaye kar mu rubuta ba daidai ba. Wa ke Malumfashi ko Funtuwa ko Bakori ya samo mana gurjiya kafin ta zube? Saura 'yan makonni fa. Nuwamba da Disamba ma ba kowa tukuna. Duk hoto a rubuta sunan shukar in an sani, gari ko unguwa, wata, da safe ne ko yamma.

Baba Sani Daura:
A ƙara da ko shukawa aka yi ko da kanta ta fito, da ko ana ba ta ruwa. Nuwamba ku bar mani, akwai gawo a gonarmu hanyar Zango, jikana zai ɗauka. Gurjiyar kuma wanda zai je ya duba ƙasa gindin itacen tukuna, furen na faɗowa da yawa da safe kuma mata na tsince shi don miya, in ya makara sai dai ya ɗauki na sama, itacen kuma dogo ne ga ƙaya a jiki ba ya hawuwa.